Shanun Oumaima

Wasiƙar ta zo ranar Talata. Djamila ba ta buɗe ta ba sai da motar makaranta ta sauke Oumaima, ta turo keken guragunta cikin gida, ta goge mata baki, ta ba ta kunu. Ta san ambulan ɗin. Na ofishin da ke biyan yarinyar kuɗin naƙasa ne duk wata. Turancin Djamila na shagon kitso ne, ya ishe ta ciniki da faɗa, amma shekara takwas tana karɓar irin wannan takarda, ta iya gano inda maganar take. A ƙarshen wata za a tsayar da cek. A jihar nan kuwa katin asibiti tare yake tafiya da cek ɗin, in ɗaya ya tafi ɗayan zai bi shi. Dalilin layi ɗaya ne: yarinyar tana da dukiyar da ta haura dalar Amurka dubu biyu. A ƙasa an rubuta irin dukiyar. Shanu tara, a ƙasar waje.

Oumaima shekararta takwas. A nan Greensboro aka haife ta, naƙuda ta yi tsawo har numfashi ya yanke wa jaririyar. Likitoci suka faɗi sunan lalurar da Turanci, Djamila ta riƙe ma'anar kawai: ba za ta yi tafiya ba. Hannun dama ne kaɗai ke bin umarninta. Kalmominta ba su kai ashirin ba, rabinsu Turanci, kuma wadda ta fi ƙwarewa a kai ita ce a'a. Katin shi ke biyan maganin farfaɗiyarta, da matar da ke motsa mata gaɓoɓi sau biyu a mako, da keken da ake canjawa in ta girma. Djamila ta taɓa tambayar mai kantin magani nawa ne kwalba ɗaya in babu kati. Abin da ya faɗa ya kusa kuɗin hayar gidansu.

Maazou, mijinta, ya dawo da la'asar daga siton da yake lodin kwalaye. Ta ajiye masa tuwo, ta ɗora wasiƙar a kan murfin kwanon. Ya karanta a tsaye. Ya sake karantawa a zaune.

Shi ya kai yarinyar ofishin mako uku da suka wuce, ganawar da ake yi shekara-shekara, don ranar Djamila tana da kai biyu a shago. Bai yi musu ba. Ya ce tun da aka haifi yarinyar nan, duk ofishin da ya shiga da ita tambaya iri ɗaya ce: ba ta iya tsayuwa, ba ta iya riƙe cokali, ba ta iya faɗin in za ta bayi, shi kuma yana ta cewa haka ne, haka ne. Ranar nan matar ofishin, wata Lucia, ta ɗago kai ta tambaye shi ko yarinyar ta mallaki wani abu, a nan ko a wata ƙasa. Ya ce sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Ya zaro hoton garken daga walat ya miƙa mata.

"Har hoto," in ji Djamila.

"Yawansu kawai ta tambaya. Sunayen shanun ni na ƙara."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauke wasiƙar, ta buɗe masa kwanon, ta ce ya ci tuwonsa kafin ya huce.

A garinsu, can kusa da Madaoua, ranar suna kaka kan ɗaura wa jika dabba. Mai ƙaramin ƙarfi akuya, mai hali karsana. Inna, mahaifiyar Maazou, jar karsana ta ware wa Oumaima, tun kafin labarin lalurar ya isa gida. Da labarin ya isa, 'yan'uwa suka ba ta shawarar ta mayar da karsanar cikin garken gida, tunda wannan jikar ba za ta taɓa zuwa ta gan ta ba. Inna ta sa aka ɗauki muryarta a kaset, matafiyi ya kawo. A ciki ta gaida kowa da sunansa, ta faɗi farashin gero, sannan ta ce karsanar tana hannun Hamidou, Bafulatanin da ke yi wa gidan kiwo tun mahaifin Maazou na raye, kuma ba ta kwance abin da ta ɗaura.

Sauran aikin Djamila ce ta yi shi. A shekarar farko ta koyi cewa a ƙasar nan mai karɓar kuɗin naƙasa ba ya tari. In asusu ya cika ya wuce iyaka, sai a rufe famfo har sai ya koma fanko. To, ita ba ta kai ko sisi banki ba. Abin da masu kitso ke ƙara mata a kan kuɗin aiki shi take tarawa, duk wanda zai tafi gida ta damƙa masa ya kai wa Inna. Karsana ta haihu, 'ya'yanta suka haihu, Inna ta sayo wasu ta haɗa. A farin bara, da mutane ke sayar da saniya a kuɗin buhun gero, Djamila ta yi wata huɗu tana kitso har Lahadi don a sayi dusa da harawa. Ɗaya ce kawai ta mutu.

Ba soyayyar shanu ce ta sa ta ba, ita da ko tatsa ba ta iya ba. Shekararta talatin da shida, bayanta ya riga ya fara ƙara in ta ɗaga yarinyar daga bahon wanka. Tana ƙarama, a unguwarsu akwai wata gurguwa da uwarta ta rasu. Wata biyu a gidan wannan kawu, wata uku a gidan waccan gwaggo, kowa na jiran ranar da zai miƙa ta gaba. A unguwar dai akwai wani tsoho makaho mai shanu biyar, wanda 'ya'yan ƙannensa suka kusa dambe a kan wa zai ɗauke shi. Djamila ta ga duka biyun da idonta, ba ta buƙaci wani ya yi mata bayani ba.

Washegari a shago, a kan titin High Point, tsakanin kantin 'yan Vietnam da filin sayar da tsofaffin motoci, ta gaya wa Hajiya Chamsiya, mai shagon. Hajiya ta fi shekara goma sha biyar a garin, babu fom ɗin da ba ta taɓa cikawa ba. Tana raba gashin wata baƙar Ba'amurkiya da tsinken mataji ta ba da hukunci cikin Hausa, ba tare da ta ɗago ba.

"Ki ce fari ya kashe su. Duk duniya an ga farin a talabijin. Wa zai hau jirgi ya je Madaoua ƙirga wutsiya?"

Djamila ta ce ba za ta kira wa shanun mutuwa da bakinta ba, bayan wahalar da ta sha suka rayu. Hajiya ta ce to ta ce na surukarta ne, ai ba ƙarya ba ce can-can, a hannunta suke. Wannan ta fi kama hankali, Djamila ta kitsa jela ɗaya har ƙarshe. Sannan ta tambayi Hajiya ko akwai maganar da aka taɓa yi a Greensboro da ba ta isa Madaoua cikin mako guda ba. Maazou na da ƙanne maza huɗu. Ranar da ta sa hannu a takarda cewa shanun na Inna ne, ranar suka zama na gado. Inna ta haura saba'in. In ta faɗi, za a raba su a tsakar gida kafin a yi sadakar bakwai, kuma da takardar Djamila za a kafa hujja.

Hajiya ta ce saura hanya ɗaya ke nan, wadda kowa ke bi: a sayar, a kashe kuɗin kafin wata ya ƙare. A sayi babbar talabijin, a canja kujeru, a ajiye rasit. Ofishin ba ya ƙirga kujeru.

"A sayar da saniya mai haihuwa a sayi talabijin," in ji Djamila.

"Ni ban yi dokar ba, ƙanwata."

"Na sani, Hajiya. Da ke kika yi ta, da ta fi haka hankali."

Maazou ya dawo daga masallacin Juma'a da tasa shawarar, wadda dattawa suka taya shi ɗinkawa a wajen fakin. Ba sai an sayar da duka ba. A sayar da huɗu, biyar ɗin da suka rage ba za su kai iyakar ba. Ya faɗe ta a hankali, yana kallon ƙasa, don ya san shi ya jawo. Djamila ta tambaye shi in biyar ɗin sun haihu baɗi fa. Ya ce sai a sake ragewa. Ta ce wato haka za a yi ta yi mata har ta tsufa, duk abin da ya tsiro a aske, don kada wata rana a same ta da abin kanta. Ya ce magani na yau ne, shanu na wata rana ne, kuma in farfaɗiyar ta dawo irin ta shekara biyu da suka wuce, ba saniya ce za ta hau motar asibiti da ita ba.

Djamila ta shiga kicin ta ɗaga kwalbar maganin a hasken taga. Abin da ke ciki ba zai wuce mako uku ba. Ta daɗe tana kallonta, ta mayar. Da ta fito ta ce masa ba ta yarda ba, kuma bai isa ya sa ta ce ta yarda ba.

Wasiƙar ta ba da kwana goma ga mai ƙorafi. A rana ta bakwai Djamila ta hau bas zuwa tashar tsakiyar gari, ta ƙarasa da ƙafa, ta ja lamba, ta zauna awa biyu, ta cike fom. A layin da aka ce ta rubuta dalilin ƙorafinta ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba ta yarda ba. Aka ba ta randebu ranar Litinin, ƙarfe goma na safe.

Ranar ta yi wa Oumaima sabon kitso da duwatsu a jela, ta sa mata rigar sallah. Maazou ya nemi izini a wurin aiki. Suka ɗauki Malam Seydou, dattijo ɗan Damagaram wanda ya shekara ashirin yana koyar da Turanci a lakwal, makarantar boko, kafin ya zo nan ya kama tuƙin taksi. Shi ke yi wa jama'a tafinta a kotu da asibiti, ba ya karɓar kuɗi. Aibinsa ɗaya: ba ya son magana mai kaifi. Duk abin da ya bi ta bakinsa sai ya fito da riga da hula.

Lucia mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau mai igiya a wuya. Ta gaida Oumaima da sunanta, ta yaba kitson, Oumaima ta ce mata a'a, ta yi dariya. Sannan ta buɗe dosiye, fayil ɗin yarinyar, ta yi bayani, Malam Seydou na juyawa. Ba ta ce sun yi laifi ba. Ta ma gode wa Maazou da ya faɗi gaskiya, abin da ya sa ya ƙara sunkuyar da kai. Ta ce doka na ƙirga duk abin da yarinya ta mallaka wanda za a iya mayarwa kuɗi a ciyar da ita, ko gida ne na biyu, ko fili, ko dabba, ko a nan yake ko a bayan teku. Ta ce tana buƙatar sanin abu biyu don ta rufe dosiyen: nawa shanun za su yi a kasuwa, kuma in aka buga waya yau aka ce a sayar, kwana nawa kuɗin zai yi kafin ya iso hannunsu.

Djamila ta yi dariya, karo na farko cikin mako biyu. Ta ce a gaya mata ba zai iso ba.

Lucia ta tambaya ko saboda nisa ne, ko babu banki a garin. Malam Seydou ya gyara zama ya fara wani dogon bayani a kan al'adun mutanen Sahel da matsayin dabba a rayuwarsu. Djamila ta bar shi ya yi nisa, ta buɗe jaka ta zaro katin waya na dala biyar, ta kankare bayansa da makulli. Ta ce wa Malam ya gaya wa matar nan ba ita za a tambaya ba, ga mai amsar nan za ta kira. Ta danna lambobin, ta buɗe lasifikar salula, ta ajiye ta a tsakiyar tebur a kan dosiyen.

A Madaoua la'asar ta gabato. Mai kantin da ke maƙwabtaka da Inna, shi ne mai salula a unguwar, ya ɗauka. Ya ce su riƙe, ya tafi da ita da kansa. Suna jin takunsa, da kukan jaki, da sautin taɓarya, da sallamarsa a ƙofar gida. Lucia ta dubi agogon bango.

"Baban Oumaima," in ji Djamila, "kai ke son a sayar. Ga ta nan."

Maazou ya matso da kujera. Ya gaishe da mahaifiyarsa, ya tambayi jiki, da gida, da zafi, da ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, ita ma ta tambayi nasa. Ba a yanke gaisuwa don ana ofis. Da aka gama ya yi gyaran murya ya ce wata 'yar matsala ce ta taso da hukumar nan, ana so a sayar da huɗu daga cikin shanun a aiko da kuɗin.



"Shanun wa?" in ji Inna. Muryarta siririya ce amma ta cika ɗakin. Ba ta kiran sunan Maazou, ɗan fari ne. "Kai wancan, kai ka ɗaura karsanar ko ni? Ka tafi ƙasar mutane shekara goma sha ɗaya, ko akuya ba ka aiko an saya maka ba, yau ka buɗe baki a kan dukiyar yarinya? Ka zo da ƙafarka ka gani in Hamidou zai kwance maka igiya ko ta maraƙi. In ka matsa mu haɗu gaban mai gari. Shi ya shaida ranar da na ɗaura."

Malam Seydou ya juya ga Lucia ya ce tsohuwar tana nuna damuwarta, kuma tana ganin a ƙara nazari. Turancin Djamila ya isa ta gane wannan.

"Malam, don Allah faɗa mata yadda aka faɗa. Har akuyar."

Malam ya cire hularsa ya mayar. Ya faɗa, har akuyar. Lucia ta sauke tabarau daga goshi zuwa ido.

Djamila ta ja salular gabanta. Ta gaida surukarta a taƙaice, ta ce ita ce. Abin da ta faɗa bayan haka ba don Lucia ta faɗe shi ba, don kanta ne, tana son ta sani. Ta ce Inna, maganar magani ce. In aka ƙwace katin asibitin, maganin da ke hana yarinyar faɗuwa zai ƙare cikin kwanaki, kuma ba su da kuɗinsa. In ita ce ta roƙa, ba shi ba, za a sayar?

Muryar Inna ta sauko, amma amsar ba ta canja ba.

"Ke ma a'a, 'yar nan. Na san guminki ne a cikinsu, kowa ya sani. Amma kin ba ta, ba rance kika ba ta ba. Ku sayar da motarku. Ki sayar da 'yan kunnenki. Ni in sayar da gonata ta fadama in aiko muku, gobe ma in an so. Shanun nan na ranar da babu ni babu ku ne."

Shekara shida na tsayuwa a kan kawunan mutane, yatsu na tsagewa da sanyin hunturu, ga shi an gaya wa Djamila a gaban baƙuwa cewa ko ita ba ta da hannu a ciki. Abin da ta nema ke nan tun farko. Ba ta taɓa zaton zai yi mata zafi haka ba. Ta ce to, Inna, ta ji.

Lucia ta riga ta ture fom ɗin farko gefe, ta jawo farar takarda. Yanzu ita ke tambaya, da sauri, Malam na miƙawa ta salula. Uban zai iya sayarwa? A'a. Uwar? A'a. Ita kakar fa? Inna ta ce wanda ya ɗaura ba ya kwancewa, in ta yi haka da wane ido za ta dubi mutanen gari. Yarinyar da kanta, in ta ce a sayar? Inna ta ce yaro ba ya sayar da dabbarsa sai an damƙa masa. To yaushe ake damƙawa?

"Ranar da aka kai ta ɗakinta," in ji Inna. "Haka aka yi mini, haka na yi wa 'ya'yana mata."

Malam ya juya: ranar aurenta. Oumaima na jan igiyar jakar uwarta da hannun dama, kanta ya karkata gefe, miyau ya taru a gefen bakinta. Maazou ya miƙa hannu ya goge mata. Lucia ta ɗan jima tana juya biro, sannan ta yi tambaya a hankali, idonta a kan takarda. Malam Seydou ya ce shi dai ba zai iya faɗa wa kaka wannan ba.

Djamila ta gane tambayar. Ita ta faɗe ta, ba ta rage komai ba.

"Inna, tana tambaya in ranar ba ta zo ba."

Inna ba ta yi jinkiri ba, da alama ta daɗe da yin wannan tunanin. Ta ce in ba ta zo ba, duk wanda ya ɗauki yarinyar bayan iyayenta, ya yi mata wanka, ya ba ta abinci a baki, shi zai sha nonon. In maruƙa maza sun girma ya sayar don buƙatarta, da sanin mai gari. Iyayen shanun kuwa ba a taɓa su muddin tana numfashi. In ya wulaƙanta ta, a karɓe ta a karɓe garken a kai inda za a riƙe ta da kyau. Ta ce ta faɗa wa mai gari, ta faɗa wa liman, ta faɗa wa 'ya'yanta huɗu suna zaune.

Wata murya ta Turanci ta shigo layin ta ce saura minti ɗaya. Inna ta tambaya wace ce wannan, aka ce mata katin ne zai ƙare. Ta ce to a kai mata wayar kunnen ƙawarta. Djamila ta kai. Inna ta ce wa jikar da ba ta taɓa gani ba, jar saniyarta da 'yarta ta biyu duk suna da ciki, ta shirya goron albishir. Oumaima ta ce a'a. Layin ya yanke.

Lucia ta yi rubutu mai tsawo. Da ta gama ta ce abin da doka ke ƙirgawa shi ne abin da yarinya ko iyayenta ke da ikon sayarwa. Abin da ba su da iko a kansa ba a ƙirga shi. Amma muryar waya ba ta shiga dosiye. Tana buƙatar takarda daga mai garin, da hatimin hukumar can, da fassara, wadda ta faɗi abin da tsohuwar ta faɗa, cikin kwana talatin. Ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, ba za ta yi alkawari ba, amma in takardar ta zo haka, ita ba ta ga yadda za a ƙirga su ba. Kafin nan cek da katin suna nan yadda suke. Ta ƙara da cewa a garin nan akwai iyayen da ke biyan lauya kuɗi mai yawa ya tsara musu abin da tsohuwar ta tsara.

Maazou ya sauke numfashi, ya ce zai buga wa mai gari yau ɗin nan. Lucia ta juyo da takardar bayanin don su sa hannu. Djamila ta ce Malam ya karanta mata layi-layi. Ya karanta: shanu tara, a Jamhuriyar Nijar, a hannun kakar yarinyar, iyaye ba su da ikon sayarwa.

Djamila ta ce ba a rubuta mai su ba.

Lucia ta ce da gangan ta bar shi haka. In aka rubuta na yarinyar ne, duk shekara sai an sake tono maganar, a sake neman takarda, wataƙila a hannun wani ma'aikacin da bai ji muryar tsohuwar ba. In aka bar shi a hannun kaka, dosiyen zai fi saurin wucewa. Malam Seydou ya ce wa Djamila matar nan taimakonsu take yi, ta karɓa. Maazou ya taɓa gwiwar hannunta.

"Ta rubuta na Oumaima ne," in ji Djamila. "Da cikakken sunanta. Ta rubuta za a damƙa mata ranar aurenta. In sun so su tambaye ni duk shekara, ina nan, na san hanyar bas."

Lucia ta dube ta ta saman tabarau, ta dubi yarinyar. Ta ja takardar ta ƙara layi biyu, ta juyo da ita. Djamila ta bi baƙaƙen da yatsa har ta sami sunan, ta sa hannu a ƙasa, ta miƙa wa Maazou biron. Tana gyara ƙafafun Oumaima a kan matakin keken ta ce wa Malam akwai saura guda.

"Gaya mata ta bar wuri kusa da taran nan. Kafin ruwa ya sauka biyu za su haihu."